Kira da Jifa

A gidan Kailu, can Tungar Maidawa, tafiyar awa biyu a amalanke daga Filinge, ba a kiran Anisa da baki. Jifanta ake yi.

Shekararta goma. Sanƙarau ya tafi da jinta shekara huɗu da suka wuce, ya bar mata magana kaɗan wadda kullum take ƙara zubewa. In tana bakin turmi ta ba da baya, ana so ta kawo ruwa, ba wanda yake tashi. Uwarta Indo ƙwallon magarya take jefa mata. Kakarta Tanne, uwar Kailu, takalmi take cirewa. Kailu kuwa abin da hannunsa ya samu. Anisa ta saba. Abu na sauka a jikinta sai ta juyo, ta bi fuskoki har ta gane wanda ya kira, ta kafa wa bakinsa ido ta tsinci abin da yake so. Duk abin da take ji a duniya, da ido take jin sa.

Ranar Asabar, a tsakiyar kaka, Kailu yana saman rumbu yana jera dammunan gero. Akuya ta tsinke ta shiga cikin zangarniyar da aka baza a ƙasa. Anisa na kusa, tana ɗaure kara, ta ba akuyar baya. Kailu ya yi ihu don sabo, sannan ya ɓalli busasshiyar ƙasa a bakin rumbun, irin wadda aka kwaɓa da tsakuwa, ya auna bayanta. Daidai lokacin inuwar akuyar ta gifta, yarinyar ta juyo. Jifan ya same ta a idon hagu.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta durƙusa, ta dafe idon da hannu biyu, jini da ruwa suna bi ta tsakanin yatsunta.

Indo ta saki taɓarya, ta yi taku biyu, ta tsaya. Anisa ce ƴar farinta. Ba ta taɓa faɗin sunanta ba, ba ta taɓa rungumarta a gaban surukarta ba. Tun ranar yaye yarinyar ta Tanne ce, ɗakinta take kwana, ita ke da magana a kanta. Haka aka san kunya a gidan mutunci.

Tanne ta zo ta ɓanɓare hannuwan, ta duba.

"Kara na," in ji ta.

"Inna, ni na..." Kailu ya fara daga saman rumbu.

"Na ce kara na. Ta duƙa, kara ya soke ta. Sauko ka kama akuyakka."

Ta wanke idon da ruwan gishiri, ta ɗura kwalli har ya yi baƙi ƙirin. Anisa tana ta faɗin "zahi, zahi", ɗaya daga cikin kalmomin da suka rage mata.

Lahadi kasuwar Filinge ce. Tun da hukuma ta hana hawan babur saboda rashin tsaro, amalanken jaki ne abin hawan kowa. Kailu yana ɗora buhunan wake, Indo ta zo ta tsaya gefe kamar mai gyara igiya.

"Malam, ko a tahi da ita likita ta duba?"

"Da wa?"

"Da waccan."

"Ina wuri? Ba ki ga kaya ba?"

"Ta zauna bisa buhu."

"In kai ta, su tsare ni da tambaya, mi yas same ta, wa yay yi, kasuwa ta watse ina tsaye. Ido na, ba ciki ba. Kwana ukku shi washe."

Da la'asar ya dawo da ƙaramar kwalba daga wajen mai tebur da ke sayar da magani a rana. Babu takarda a jikinta. Mai tebur ya ce tana maganin kowane irin ja. Aka danne Anisa, aka ɗiga mata sau uku kafin magariba.

Litinin da hantsi baƙuwa ta yi sallama. Madam Nasiba ce, malamar lokol, wato makarantar boko, da ta koyi aikin koyar da kurame, aka turo ta ƙasar Kurfai da takardun bincike. Gida gida take bi tana rubuta yaran da ba sa ji, da waɗanda ba sa gani, da waɗanda ba sa tafiya, tana tambayar me ya same su da kuma dalilin da ya sa ba sa karatu. Waɗanda ta rubuta za a buɗe musu aji a Filinge. Labarinta ya riga ta isowa. Kafin ta gama gaisuwa a ƙofar gida, Tanne ta ja Anisa ɗakinta ta sakaya asabari.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, wato dogon yaro. Kailu ya zauna, Tanne ta zauna, Indo ta kawo ruwa ta koma bakin murhu.

"An ce mini akwai yarinya nan da ba ta ji," in ji Nasiba.

"Wa yac ce?"

"Maƙwabta, Baba."

"Maƙwabta su ƙirga nasu. Ɗiyana lahiya lau suke."

"Ba laihi na ba. Ciwo na, kowa yana iya samu. In ta shiga aji za ta koyi magana da hannu, ta koyi rubutu. In kuma tana da sauran magana a baki, a riƙe mata ita kahin ta ɓace."

Tanne ta yi dariya. "Ɗiyata, masu kunne biyu sun tahi lokol sun dawo ba su san komi ba. Kurma mi za ta ɗauko?"

"Ashe akwai ta, Inna."

Tanne ta tsuke baki. Kailu ya kalli ƙasa.

"Ba ta nan," ya ce. "Ta tahi Damana wurin gwaggonta."

Nasiba ta dubi ƙananan takalman roba da ke ƙofar ɗakin Tanne. Ta dubi Indo. Indo tana hura wutar da ta riga ta kama.

"Alhamis nika gama wanga yanki," ta ce tana rufe jaka. "Zan biyo. In ta dawo daga Damana, a bari in gan ta. Gani kawai."

Bayan ta tafi Kailu ya juya kan matarsa. "Ki ji da kyau. Ta ga idon ga, gobe sunana yana Yamai wurin hukuma bisa takarda. Kina son a ɗaure uban ɗiyanki?"

Indo ta tura itace cikin murhu.

Talata idon ya kumbura ya kai girman ƙwan zabo. Fatar ta manne, ruwa mai kauri yana tsattsafowa. Ƙuda suka samu wurin zama. Anisa ta daina fita rana, don haske yana sa lafiyayyen idon ma hawaye. Duk da haka Tanne ta sa ta surfe. Ta ce zama ke sa ciwo ya samu gindi. Yarinyar ta ɗaga taɓarya sau biyar, ta kuskure turmin, ta zauna a ƙasa.

Laraba zazzaɓi ya zo. Tanne ta ce rana ce ke shiga ta ido mai lafiya tana ƙona marar lafiya, kuma ita da idonta ta ga yadda aka yi wa wani a Sanam ya warke. Ta yago baƙin zane, ta naɗe kan Anisa, ido biyun duka, ta ƙulle a ƙeya. Da yarinyar ta kai hannu za ta cire, ta ɗaure mata hannuwan da igiyar rama a gaba.

Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da aka yi. Yarinyar da ba ta ji, an rufe mata gani. Ba ta san wanda ya shigo ba, ba ta san wanda ya fita ba. Ba ta san ko akwai mutum a gidan ba. Hannu yakan fito daga duhu ya matse mata baki ya zuba kunu, ko ya ɗaga zanen kaɗan ya ɗiga abin da ke ƙuna, ya ɓace. Ta fara ihu. Ba irin na zafi ba, wani dogo, marar hawa da sauka, na wanda bai san ƙarfin muryarsa ba. Tsakani tana kiran "Inna", tana jira, tana sake kira.

Matan maƙwabta suka leƙo ta saman darni.

"Mutanen ɓoye na," in ji Tanne. "Tun ciwon hwarko ba su sake ta ba. Na aika a kawo turare."

"Allah shi sawwaƙe, Tanne."

"Amin. Mu munka san wahalad da muka sha da ita. Ci da sha, tufa, komi. Wani gida da an yar."

Kailu ya dawo daga gona da azahar, ya tsaya a ƙofar ɗakin, bai shiga ba.

"Har yanzu?"

"Har yanzu," in ji Indo. Ta rage murya. "Malam, warin ya canza."

"Magani na yaka aiki, yana hiddo da dauɗa."

"Kwana biyat."

"Ke likita ta? Inna ta raini mutum tara. Ke nawa kinka raina?" Ya ɗauki buta. "Kuma ban yi da gangan ba. Allah ya sani. Kowa a gidan ga yana jihwa, har ke. Nawa na kawai yaz zo da tsautsayi."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta rufe bakin Indo. Ta tuna ƙwallayen magarya. Ta tuna sau nawa tana zaune, taku biyar tsakaninta da ƴarta, ta ga tashi ya yi mata nisa.

Da Tanne ta zaga bayan gida, Indo ta shiga ɗakin. Ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙafar yarinyar. Ihun ya tsaya. Hannuwan da aka ɗaure suka lalubo, suka kama gefen zanenta, suka shinshina, suka riƙe gam. Indo ta ji takun surukarta, ta fizge zanen ta fita. Ihun ya dawo.

Alhamis da safe Kailu ya tafi gona da wuri, da gangan. Ya bar wa uwarsa amsa: yarinya ba ta dawo daga Damana ba. Anisa ta yi shiru tun asuba, muryarta ta dushe, ba ta karɓar kunu.

Nasiba ta zo da hantsi a amalanken haya. Tanne ta tare ta a ƙofar gida, ta ja gaisuwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Filinge ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ta dawo ba, ɗiyata. Sai wata shekara."

"To, Inna. Allah shi kai mu."

Nasiba ta juya. Indo tana tsakar gida da ƙwarya a hannu, tana kallon bayan matar yana nisa. Mai amalanke ya kwance jaki.

"Madam!"

Muryar ta fito da ƙarfin da ya sa kaji suka watse.

"Anisa tana ciki. Ɗiyata Anisa. Tana ɗakin can, idonta ya ruɓe."

Tanne ta juyo kamar an mare ta. "Ke! Sunan ɗiyar hwari? A gabana? Ina kunyakki?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Marar kunya! Bari Kailu shi zo!"

Indo ta ajiye ƙwaryar, ta wuce ta gabanta, ta yaye asabarin.

Wari ya fara fitowa. Nasiba ta shiga, ta tsaya har idonta ya saba da duhu. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa, ta taɓa kafaɗar yarinyar sau biyu a hankali, ta jira. Ta ɗauki hannun Indo ta sa a cikin na Anisa. Sannan ta kwance igiyar, ta kwance zanen. Ya manne da fata a gefen hagu, sai da aka jiƙa shi da ruwa. Idon dama ya buɗe kaɗan kaɗan, ja, yana hawaye. Ya sauka a fuskar Indo ya tsaya.

"Kwana nawa?"

"Shidda yau."

"Ɗauko ta. Yanzu."

Wata maƙwabciya ta riga ta kai labari gona. Suna ɗora Anisa a amalanke Kailu ya iso da gudu, lauje a hannu.

"Wa yab ba ku izini? Ɗiyata ta!"

"Ranar Litinin ka ce ba ka da ita, Baba," in ji Nasiba.

"Madam, aikinki rubutu na. Rubuta ki tahi."

"Ban rubuta komi ba tukuna. Likita za mu. In kana so, hau."

Kailu ya dubi matarsa. "Indo, in kin hau, kin sani."

Indo ta hau. Ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta kare mata rana da mayafi. Mutane sun cika hanya suna kallo. Kailu ya dube su, ya jefar da laujen, ya bi amalanken a ƙasa. Bai hau ba, bai koma ba, har Filinge.

A likita, wato asibitin Filinge, babban mai jinya da ake kira majo ya sa fitila a goshi, ya buɗe fatar idon. Mutum biyu suka riƙe Anisa. Ya daɗe yana wankewa. Can ya zaro wani abu da ɗan ƙarfe, ya sa a faranti. Abin ya yi ƙara.

"Mi yas same ta?"

"Kara," in ji Kailu.

Majo ya miƙo masa farantin. Tsakuwa ce, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba.

"Karan gonakka da tsakuwa yaka hitowa?"

Majo ya ajiye farantin.

"Ran da abin yaf faru, da wankewa da magani ya isa. Ko Lahadi. Mi kunka ɗiga mata?"

Kailu ya fito da kwalbar daga aljihu. Majo ya juya ta, ya jefa a kwandon shara.

"Wanga ido ya tahi. Yanzu na dama muka nema wa tsira. Yau za ku kwana Yamai."

Kafin motar Yamai ta cika, Nasiba ta zauna a benci ta fito da takardarta. Suna, shekaru, ƙauye. Abin da ya samu kunne: sanƙarau. Ta zo layi na gaba.

"Ido hwa? Mi zan rubuta?"

"Ƙaddara," in ji Kailu.

Nasiba ta dubi Indo.

"Jihwa," in ji Indo. "Haka muka kiranta. Mu duka."

Nasiba ta rubuta. A makon nan shi ne gida na huɗu da ta tarar ana kiran kurma da jifa. Takardar da aka ba ta daga Yamai ba ta da wurin wannan tambaya. A gefe take rubutawa.

A Yamai aka cire idon hagu, aka ceci na dama. Da suka dawo, Indo ba ta wuce Filinge ba. Ta sauka gidan yayarta Hajara a bayan kasuwa, ta fara sayar da ƙosai. Kailu ya aiko sau biyu a dawo gida. A Tungar Maidawa Tanne tana faɗa wa duk wanda ya zauna cewa ido yana gab da warkewa likitoci suka ƙwaƙule shi, kuma matar da ta iya faɗin sunan ƴar farinta ba abin da ba za ta iya ba. Da yawa sun yarda da ita. Ba wanda ya je gaban maigari, ba wanda aka ɗaure. An gama kaka lafiya, rumbu ya cika.

Aka buɗe ajin da yara goma sha ɗaya a wani ɗaki da aka ara. Nasiba ta zaunar da Anisa a ƙarshen hagu, jikin bango, don duk ajin ya faɗo a gefen idonta mai gani. Yarinyar tana koyo da sauri, amma tana gajiya da wuri. Maganar hannu ido biyu take so. Rabin abin da hannu ya faɗa yana wuce ta in mai maganar ya matsa kaɗan.

Wata Litinin Kailu ya zo da kansa, cikin rigar Juma'a, da ƙullin dabino. Ya ce ba faɗa ya kawo shi ba, so yake ya ga ƴarsa. Ya tsaya a ƙofar ajin, wadda ke bayan yaran. Anisa tana sunkuye tana kwafar haruffa a allo.

"Anisa," ya ce. Ya ƙara murya. "Anisa!"

Ba kan da ya ɗago a ajin.

"Madam, kira mini ita."

"A'a, Baba. Kai za ka kira ta."

"Ƙaƙa?"

"Taka ka je. Ka taɓa kahwaɗatta."

Ya tsaya yana duban tazarar. Taku bakwai ne. Ya cire takalmi kamar mai shiga masallaci, ya ratsa tsakanin tebura, ya tsaya a bayanta. Ya miƙa hannu, ya taɓa ta da yatsa biyu.

Anisa ta juyo da kanta gaba ɗaya, yadda mai ido ɗaya yake yi. Ta ga ko wane ne. Allon ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya, ta ɗora hannu biyu a kan idon dama, ta rufe shi gam.

Kailu ya tsaya da dabino a hannu. Yara goma suna kallonsa.

"Mi taka cewa?" ya tambayi Nasiba. "Wannan ma maganar hannu ta?"

"Wannan ba mu munka koya mata ba," in ji Nasiba.